Kundin farko na Rosé: Me ya sa ake kiransa na farko, kuma ina aka kwana da Blackpink?

Ranar 6 ga Disamban 2024 Rosé, ɗaya daga cikin 'yan mata huɗun da ke ƙungiyar mawaƙa ta Blackpink a Koriya ta Kudu, ta saki kundin waƙoƙi mai suna rosie. Jaridu da gidajen rediyo suka yi ta kiransa kundinta na farko ita kaɗai. Abin ya ɗaure wa mutane da yawa kai, domin waɗanda suka daɗe suna bin ta sun san tun watan Maris na 2021 ta fitar da faifai da sunanta ita kaɗai, har ya yi kasuwa. To wanne ne na farkon?

Ruɗanin bai tsaya nan ba. Cikin kimanin wata uku sauran ukun ma kowacce ta fito da nata: Jisoo ranar 14 ga Fabrairun 2025, Lisa ranar 28 ga watan, Jennie kuma ranar 7 ga Maris, kowacce da kamfaninta daban. Duk mai hange daga nesa zai ce an raba gari ke nan. Sai ga shi ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun sun hau dandamali ɗaya a birnin Goyang na Koriya ta Kudu, sun buɗe rangadin duniya da sunan Blackpink, a ƙarƙashin tsohon kamfaninsu YG Entertainment. Wanda yake son ya warware wannan ƙulli sai ya bar waƙoƙin tukuna, ya fara duba yadda 'yan Koriya ke kasa faifai gida-gida, da yadda ake rubuta kwantiragi a can.

Kundi suna ya tara

A kasuwar waƙar Koriya faifai hawa uku ne. Na ƙasa shi ne wanda ke ɗauke da waƙa ɗaya zuwa uku, amma a buga shi a CD, a sa shi cikin kwali mai kyau da littafin hotuna, a sayar kamar cikakken kundi. Wanda Rosé ta fitar a 2021, mai suna R, irin wannan ne, waƙoƙi biyu ne a ciki. Na tsakiya shi ne ƙaramin kundi, wanda a Amurka ake ce wa EP, galibi waƙa huɗu zuwa bakwai. Wanda Jisoo ta saki a 2025 waƙa huɗu ne, saboda haka a wannan gida yake. Na sama shi ne cikakken kundi, wanda yawanci yakan fara daga waƙa takwas. Wannan rabo al'adar kasuwa ce, ba doka ba, shi ya sa wani lokaci iyakokin kan shiga juna.

Shi rosie waƙa 12 ne. Ke nan shi ne cikakken kundinta na farko, ko da yake ba shi ne karon farko da ta yi waƙa ita kaɗai ba.

Akwai kuma wata ma'ana ta biyu ta kalmar farko, wadda ta fi wannan nauyi. Faifan 2021 kamfanin YG ne ya tsara shi, ya zaɓi lokacin fitowarsa, ya zuba kuɗinsa. Shi kuwa na 2024 ya fito ne bayan ta bar hannun YG a harkokinta na ƙashin kai. Da hannunta a rubutun kowace waƙa da ke ciki, kuma sunanta ne a matsayin mai kula da aikin gaba ɗaya.

Shekara bakwai, da abin da ke gabanta

Sunanta na yanka Roseanne Park. An haife ta a Auckland ta ƙasar New Zealand a 1997, ta tashi a Melbourne ta Ostareliya. A 2012 ta shiga gwajin da YG ya shirya a Ostareliya, ta zo ta ɗaya, ta tattara ta koma Seoul tana 'yar shekara 15. Shekara huɗu ta yi a matsayin 'yar koyo kafin a ƙaddamar da Blackpink ranar 8 ga Agustan 2016.

Zaman koyon nan shi ne ginshiƙin sana'ar baki ɗaya. Kamfani kan ɗauki yara, ya ba su masauki, ya koya musu waƙa da rawa da harsuna, yana yi musu jarrabawa a kai a kai, wanda bai kai ba a sallame shi. Kamfanin yana kashe kuɗi shekara da shekaru a kan yaran da mafi yawansu ba za su taɓa hawa dandamali ba, don haka idan ya dace da waɗanda suka yi fice, yakan so ya riƙe su da kyau har ya mai da uwar kuɗi da riba. A da riƙon kan wuce gona da iri. A 2009 mutum uku daga ƙungiyar TVXQ suka kai kamfanin SM Entertainment kotu a kan kwantiragin shekara 13. A shekarar ce hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta fito da samfurin kwantiragi wanda ya sa shekara bakwai a matsayin iyaka.

Daga nan aka samu abin da masoya ke kira la'anar shekara bakwai. Da zarar wa'adin ya cika, kowane mamba yana da damar ya sabunta ko ya kama gabansa, kuma ƙungiyoyin mata da dama a nan suka tsaya. 2NE1, wadda ita ma ta YG ce, ta fara a 2009 aka rushe ta a 2016. Sistar da Miss A sun fara a 2010 sun ƙare a 2017. Wa'adin Blackpink ya cika a Agustan 2023, a daidai lokacin da suke ganiyarsu: kundinsu na 2022 ya zo na ɗaya a Billboard 200, jadawalin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, kuma a Afrilun 2023 su ne manyan baƙi a bikin waƙa na Coachella a Amurka. Aka shafe watanni ana jita-jita. Ranar 6 ga Disamban 2023, shekara ɗaya cif kafin fitowar rosie, YG ya sanar da cewa su huɗun sun sabunta kwantiragin ƙungiya, kuma a ranar darajar hannun jarinsa ta tashi da fiye da kashi 20 cikin 100. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya sake fitowa ya ce kwantiragin da ya shafi harkokin kowacce ita kaɗai, wannan kam ba a sabunta ba.

Kwantiragi biyu, mutum ɗaya

A nan gizo ke saƙar. Kowacce daga cikinsu yanzu da hula biyu take yawo. Idan za a yi waƙa ko wasa da sunan Blackpink, YG ke da ta cewa. Idan kuwa waƙarta ce ita kaɗai, ko talla, ko fim, wannan nata ne da wanda ta ga dama ta ɗauka. Jennie ta buɗe kamfaninta Odd Atelier ta haɗa gwiwa da kamfanin waƙa na Amurka, Columbia. Lisa ta buɗe LLOUD ta haɗa da RCA. Jisoo ta buɗe Blissoo, daga baya ta ƙulla da Warner. Rosé ce kaɗai ba ta buɗe nata ba. A Yunin 2024 ta shiga The Black Label, a Satumba kuma ta sa hannu da Atlantic Records na Amurka.

Zaɓin nata yana da wani ɗan lauje cikin naɗi da ya kamata a lura da shi. The Black Label na Teddy Park ne, furodusan da ya haɗa mafi yawan waƙoƙin Blackpink tun farko, kuma reshen YG ne asalinsa, har lokacin YG na da hannun jari a ciki. Wani kamfanin na dangin YG, wato YG Plus, shi ya rarraba waƙoƙinta a cikin Koriya, kuma hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabo a Oktoban 2024 lokacin da waƙarta da mawaƙin Amurka Bruno Mars ta barke. Ta fita daga ɗaki, amma ba ta bar unguwar ba.

Don a gane me ake rabawa a irin wannan ciniki, sai a san cewa kowace waƙa dukiya biyu ce. Ta farko ita ce rubutun da karin, mallakar waɗanda suka tsara ta. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi a situdiyo, wadda 'yan sana'a ke kira masta, kuma a al'ada wanda ya biya kuɗin aikin shi ke da ita. Mafi tsokar kuɗin da ke shigowa daga sauraro ta intanet wajen mai masta yake tafiya. Kan wannan ne mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta yi shekaru tana dambarwa, tun da aka sayar da mastocin kundayenta shida na farko a 2019 har ta saye su a Mayun 2025. Shi ya sa da Lisa ta ƙulla da RCA a Afrilun 2024, abin da ya fi jan hankalin masu sharhi a sanarwar shi ne cewa ita za ta mallaki duk abin da ta ɗauka. Ita Rosé a ɓangaren rubutu ta yi nata motsin da aka gani a fili: a farkon 2025 ta fice daga KOMCA, ƙungiyar da ke karɓar wa marubutan waƙa na Koriya kuɗin haƙƙinsu, ta mai da wannan aiki hannun masu kula da ita a Amurka.

Blackpink ba su suka fara raba ƙafa irin haka ba. Mutum uku daga ƙungiyar mata ta Girls' Generation sun bar SM a 2017, amma suka dawo aka yi kundin ƙungiya tare a 2022. 'Yan ƙungiyar maza ta BTS kuwa wata hanya suka bi: da suka shiga fitar da kundayen kansu daga 2022, lokacin da aikin soja na dole ya ƙarato, duk a gidansu na asali suka yi. Abin da ya bambanta na Blackpink shi ne girman sunan, da kuma yadda dukkan mambobin suka fita da harkar kansu a lokaci guda.

Yadda ake karanta lamba ta uku

Kanun labarin da ya fi yawo shi ne cewa rosie ya shiga Billboard 200 a mataki na uku, bayan kundin Taylor Swift da na Kendrick Lamar, matakin da babu wata mawaƙiyar Koriya ita kaɗai da ta taɓa kaiwa kafin nan. An ce ya samu 102,000 a makon farko. Mutane da yawa sun ɗauka faifai 102,000 aka sayar, alhali lissafin gauraye ne.

Billboard yana tara abu uku ya mai da su awo ɗaya. Wanda ya sayi kundi guda, an samu ɗaya. Sayen waƙoƙi goma ɗai-ɗai, shi ma ɗaya. Sai sauraro ta intanet: a ƙa'idar da ake bi lokacin da kundin ya fito, sauraro 1,250 na masu biyan kuɗin wata, ko 3,750 na masu saurare kyauta da talla, shi ne daidai da kundi ɗaya. A kundi mai waƙa 12, mai biyan kuɗi sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe fiye da sau 100 kafin ya kamo wanda ya shiga kanti ya ɗauki CD guda. Mai saurare kyauta kuwa sai ya haura sau 300.

Daga cikin 102,000 na rosie, kimanin 70,000 saye ne na zahiri. Wannan ya saɓa wa yadda mafi yawan mawaƙan Amurka ke samun nasu, inda sauraro ke rinjaye. Dalilin sananne ne ga duk wanda ya taɓa buɗe kwalin faifan Koriya. Ana buga kundi ɗaya da bango iri-iri, a cikin kowane kwali kuma akwai ɗan katin hoto kamar girman katin banki, wanda ba ka sanin wanne ka samu sai ka yage leda. Masoyi kan sayi uku ko biyar yana neman wani hoto na musamman, CD ɗin kuma ya ajiye ko na'urar kunna shi ba shi da ita. Masu kare wannan salo suna cewa ai kuɗi ne na gaske mutane suka cire daga aljihu, kuma manyan mawaƙan Amurka ma yanzu haka suke yi da faifan garmaho kala-kala. Masu suka kuma suna cewa lambar makon farko zurfin aljihun masoya take aunawa, ba yawan masu sauraro ba.

A nan Rosé tana da hujjar da 'yan uwanta da yawa ba su da ita. Waƙarta da Bruno Mars, APT., wadda ta fito ranar 18 ga Oktoban 2024, ta kai mataki na uku a Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta yi mako 12 a saman jadawalin Billboard na duniya, kuma irin wannan dogon zama ba ya samuwa da sayen kwali kawai. Sunan waƙar daga wani wasan mashaya na matasan Koriya aka ɗauko shi, kalmar kuma tana nufin gidan bene mai ɗakuna da yawa. Amshinta ya riƙa maƙale wa mutane a ka har ɗalibai masu shirin babbar jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba suka sa ta cikin waƙoƙin da suke gudun ji. Kundayen Lisa da Jennie kuwa, kowanne a mataki na bakwai ya shiga Billboard 200.

Inda ra'ayi ya rabu

Muhawara ta farko a kan sunan abin ce. In ban da 'yan kalmomi, rosie da Turanci aka yi shi, tare da marubuta da furodusoshin da ke aiki da taurarin Amurka, irin su Amy Allen da Cirkut da Greg Kurstin, kuma kamfanin Amurka ne ya kai shi kasuwar duniya. Wasu na cewa wannan ya tashi daga K-pop, wato waƙar zamani ta Koriya, ya zama pop na Amurka da 'yar Koriya ta rera. Wasu kuma na cewa Turanci harshen da ta tashi da shi ne, ba aro ta yi ba, sannan K-pop tun asali tsarin horo da talla ne fiye da harshe, ita kuwa wannan tsarin ne ya ƙera ta. Masu sharhin waƙa su ma ba su haɗu a wuri ɗaya ba. Waɗanda suka yaba sun ce a karon farko an ji ta tana maganar kanta, ta soyayyar da ta lalace da kuma zafin zagin da take karantawa a intanet. Waɗanda suka kushe sun ce yawancin waƙoƙin sun bi sawun da wasu mawaƙan Amurka suka riga suka taka.

Muhawara ta biyu ta fi zafi a tsakanin masoya. Wani ɓangare na ganin YG ya daɗe yana tauye su. A shekara bakwai cikakken kundi biyu kacal ƙungiyar ta fitar, kowanne waƙa takwas, alhali Rosé ita kaɗai ta kawo 12 a tashi ɗaya. A wajensu tsohon tsarin kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Ɗaya ɓangaren na tunatar da cewa kamfanin ne ya yi kasadar kuɗinsa a kan yarinya 'yar shekara 15 da babu wanda ya sani, kuma ƙarancin fitowar ma dabara ce da ta sa kowace waƙarsu ta zama abin jira.

Ta uku ita ce ko abin zai ɗore. Masu shakka na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma tarihi yana ba su abin kafa hujja. Beyoncé ta fitar da nata na farko a 2003, ƙungiyarsu Destiny's Child suka ƙara kundi ɗaya a 2004, daga nan kowa ya kama hanyarsa. One Direction sun ce hutu za su tafi a farkon 2016, hutun bai ƙare ba. A Najeriya ma an ga haka da 2Face ya fito da nasa a 2004 bayan Plantashun Boiz, har rikicin wanda ya rubuta me ya bi shi da Blackface shekaru da yawa. Masu kyakkyawan zato kuma suna nuni da rangadin 2025, suna cewa cika manyan filayen wasa a nahiyoyi da dama da sunan ƙungiya ya fi sauƙi, don haka kowacce tana da dalilin kuɗi na riƙe sunan.

Wa abin zai shafa?

Masoyi shi ne na farko. Wanda a da yake tanadin kuɗin faifai ɗaya da tikiti ɗaya, tsakanin Disamban 2024 da Yulin 2025 an ajiye masa faifai huɗu da rangadi guda. Masoyan da a da suke tsintsiya ɗaya sun fara karkasuwa, kowa na auna lambar gwanarsa da ta sauran, abin da kan kai ga cacar baki a X da TikTok.

Sai ƙananan masu hannun jari a Koriya, waɗanda a can ake yi wa laƙabi da tururuwa. Kamfanin da ƙungiya ɗaya ke ɗauke da mafi yawan cinikinsa, ranar da ta huta sai a ji a jika. A 2024, shekarar da Blackpink ba ta yi rangadi ba kuma kuɗin harkokin mambobin ya daina shiga asusunsa, YG asara ya yi a harkar gudanarwarsa.

Ga ƙananan mawaƙa da 'yan koyo, darasin da ke ciki yana da iyaka. Blackpink sun samu wannan sassauci ne saboda sun kai ƙarshen wa'adinsu suna da ƙarfin da kamfani ba zai iya rasa su ba. Mako ɗaya kafin fitowar rosie, ranar 28 ga Nuwamban 2024, 'yan ƙungiyar NewJeans suka kira 'yan jarida suka ce sun soke kwantiraginsu da kamfanin ADOR tun wa'adi bai cika ba. A Oktoban 2025 wata kotu a Seoul ta yanke cewa kwantiragin yana nan daram.

Mai sauraro a Kano ko Zinder shi ma yana da abin da ya kamata ya sani idan ya ga ana kiran masoya su dage da sauraro don a ɗaga gwanarsu. Billboard 200 da Hot 100 abin da aka saya ko aka saurara a cikin Amurka kawai suke ƙirgawa. Sauraron da aka yi daga Najeriya a Spotify ko Apple Music jadawalin duniya yake shiga, kuma kuɗin da yake kawo wa mawaƙi bai kai na Amurka ba, domin ana raba kuɗin ne gwargwadon abin da aka tara a kowace ƙasa, kuɗin wata a nan kuwa kaɗan ne idan aka mai da shi dala. Wanda kuma ya miƙa wayarsa a rumfar masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa aka loda masa kundin, ko abokinsa ya tura masa ta Xender, zai iya jin waƙoƙin 12 safe da yamma har ya haddace su, ba tare da an rubuta ko ɗaya a lissafin Atlantic ko na Billboard ba.